Tanar Roba Ma Tana Tsufa

A 1949 ne Nick Creme ya ƙera tanar roba a Akron, ta Jihar Ohio a Amurka, masu kamun kifi da fatsa suka huta da haƙar tana. To, amma ita ma tana da ajali. Da robar PVC ake yin ta, a gauraya da wani mai don ta yi laushi. Yau da gobe man nan yakan tsattsafo, tanar ta ƙandare, ko kuwa ta narkar da akwatin roba mai tauri da aka ajiye ta a ciki. Ja da fara in suka kwana tare, sai farar ta rine. Shi ya sa gwanayen sana'ar kan bar kowace a ledarta ta asali, a inuwa, nesa da zafin rana.