Ɗan Magini a Filin Tsere: Farkon Tashin Maikel Shumaka

Galibin waɗanda suka ji sunan Maikel Shumaka a rediyo sun san shi ne bayan da Allah Ya ɗaukaka shi, ya ci gasar tseren motoci ta duniya, wato Formula 1, har sau bakwai, biyar daga ciki a jar motar Ferrari. Amma wanda yake son ya fahimci yadda aka yi ɗan magini ya kutsa cikin sana'ar da, saboda tsananin tsadarta, ta kusa zama gadon 'ya'yan attajirai, lalle ne ya koma baya zuwa wani ɗan filin wasa a garin Kerpen, kusa da birnin Kolon, cikin ƙasar da a wancan zamani ake kira Jamus ta Yamma.

An haife shi ran 3 ga Janairu, 1969. Yana da shekara huɗu mahaifinsa, Rolf, ya ɗaura wa 'yar motar wasansa injin ƙaramin babur, yaron kuwa bai daɗe ba ya gwabza ta da turken fitilar titi. Sai iyayen suka ga maslaha ita ce a kai shi filin da aka keɓe wa ƙananan motocin tsere da ake kira kat. Shi kat ɗin nan ba shi da rufi, ba shi da sifirin, daga firam sai tayoyi huɗu da inji, direba kuma yana zaune dab da ƙasa, ta yadda duk wani santsi ko zamiya da taya ta yi sai ya ji ta a jikinsa kafin idonsa ya gani. Daga baya mahaifin ya kama aikin gyaran waɗannan motoci da ba da su haya a filin, mahaifiyar kuma, Elizabet, tana sayar da abinci a kantin wurin, har filin ya zama tamkar tsakar gidansu.

A nan ne, a ganina, asirin al'amarin yake. Da yake babu halin sayen sabon kaya, motar da ya ci gasar ƙungiyarsu da ita yana ɗan shekara shida an haɗa ta ne da ƙarafan da wasu suka yar, tayoyin da yake ɗaurawa kuwa sau da yawa waɗanda 'ya'yan masu hali suka cire ne. Wanda kuma ya saba neman gudu a kan tayar da ta suɗe, dole ya naƙalci iyakarta, ya san inda za ta riƙe da inda za ta ci amanarsa, ilmin da mai sabuwar taya kullum ba shi da wata lalura ta nemansa. Talauci dai ba ya sayen inji: sa'ad da aka bukaci sabo na mak 800, kuɗin Jamus na wancan zamani, iyayen suka kasa, sai wasu 'yan kasuwar yankin suka ɗauki nauyinsa.

A wancan lokaci dokar Jamus ba ta ba da lasin ɗin tseren kat sai ga wanda ya cika shekara 14, alhali kuwa maƙwabciyarta Luksambag tana bayarwa tun ana 12. Saboda haka aka tsallaka da yaron aka karɓo masa a can. Mai karatu na Tozai ko na cikin Illela, wanda ya san yadda abin da ya faskara a wannan gefe yakan yiwu a Birnin Ƙonni, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan dabara. A 1984 ya zama zakaran matasan Jamus, a 1987 kuma ya haɗa kambin Jamus da na Turai.

Abin da masu ba da labarinsa sukan wuce da sauri, ni kuwa nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne cewa da ya bar makaranta sai ya shiga gareji ya koyi kanikanci. Fa'idar wannan ta bayyana daga baya: direban da bai san cikin mota ba iyakar abin da zai ce wa injiniya shi ne motar ba ta yi masa daɗi, amma wanda ya taɓa kwance giya da hannunsa yana iya faɗin a wace kwana gaban motar yake ƙin juyawa, da abin da yake zaton ya jawo haka, a gyara cikin sa'a guda abin da zai ci wa wani yini.

Tseren motoci hawa-hawa ne, kowane mataki kuma ya fi na baya tsada. A 1988 ya ci gasar Formula König, sa'an nan wani mai ƙungiya, Willi Weber, ya ba shi mota a Formula 3 bisa sharaɗin zai riƙa karɓar kaso daga abin da ya samu nan gaba. A 1990 ya ci gasar Jamus ta wannan aji, ya kuma ci tseren Makawo bayan da suka yi karo da Mika Hakkinen, wanda ƙaddara ta ajiye masa a matsayin babban abokin hamayya. Maimakon matakin da aka saba bi daga nan, sai ya shiga shirin matasa na Mercedes, inda ya tuƙa manyan motoci masu nauyi a tsere mai dogon zango ƙarƙashin tarbiyyar tsohon direba Jochen Mass. Da yake kuma an ƙayyade man da mota za ta sha, ya koyi yin gudu tare da tattali.

Sababin shigarsa Formula 1 ya zo ta inda ba a zata ba. A watan Agusta na 1991 wata kotu a Landan ta ɗaure Bertrand Gachot, direban ƙungiyar Jordan, saboda ya fesa wa wani direban tasi hayaƙi mai sa hawaye, ga shi kuwa tseren Beljiyam ya ƙarato. Weber ya ba mai ƙungiyar, Eddie Jordan, tabbacin cewa yaronsa ya san filin Spa, inda za a yi tseren, alhali bai taɓa yin tsere a cikinsa ba; Mercedes kuma ta biya dala 150,000. Filin nan, mai tsawon kusan kilomita 7 a cikin tuddai da kurmi, yana cikin mafiya wuya a duniya, sai saurayin ya hau keke ya zagaya shi yana haddace kwanoninsa. A gwajin neman gurbi ya zo na bakwai, ya sha gaban abokin aikinsa Andrea de Cesaris wanda ya shekara goma a fagen. Ranar tseren, 25 ga Agusta, kulocinsa ya ƙone tun a zagayen farko.

Wannan kaɗan da aka gani ya isa. Kafin mako biyu Flavio Briatore na ƙungiyar Benetton ya ɗauke shi, Jordan ya kai ƙara bai yi nasara ba domin ba a riga an sa hannu a cikakkiyar yarjejeniya ba, a Monza ta Italiya kuma Shumaka ya zo na biyar, gaban abokin aikinsa Nelson Piquet mai kambin duniya uku.

Nasararsa ta farko ta zo ne a Spa, ran 30 ga Agusta, 1992, a ranar da ruwa ya yi ta zuwa yana ɗaukewa. Ya zame ya fita daga hanya, abokin aikinsa Martin Brundle ya wuce shi. Da ya dawo ya bi bayansa, sai ya lura tayoyin ruwa na motar Brundle sun fara lalacewa, ya ƙiyasta cewa nasa ma haka suke, nan take ya shiga aka sauya masa na busasshiyar hanya tun kafin manyan da ke gabansa su farga. Ya gama wannan shekara yana na uku a duniya, a 1994 kuma, yana da shekara 25, ya zama Bajamushe na farko da ya ci kambin Formula 1.