Hayar Gidaje Ta Kwana-Kwana: Yadda Mazauna Unguwannin Basalona Suka Juya Akalar Hukumar Birninsu

A ranar 21 ga watan Yunin 2024, Magajin Garin Basalona ta ƙasar Sifaniya, Mista Jaume Collboni, ya tara manema labarai ya shaida musu cewa daga watan Nuwamban 2028 hukumarsa ba za ta sabunta lasisin ko da gida ɗaya ba daga cikin gidaje 10,101 da ake bai wa masu yawon buɗe ido hayarsu ta 'yan kwanaki. Ya ce dalilin ɗaukar wannan mataki shi ne, cikin shekaru goma kuɗin hayar gida a birnin ya ƙaru da kashi 68 cikin 100, farashin sayen gida kuwa ya ƙaru da kashi 38 cikin 100, har zaman birnin ya soma gagarar 'ya'yansa, musamman matasa.

Wannan sanarwa ta tayar da hankalin waɗanda suka zuba dukiyarsu a wannan harka, to amma duk wanda ke biye da al'amuran birnin ya san ba da rana tsaka aka yanke hukuncin ba. Shekaru goma cur mazauna unguwanni suka shafe suna taruka, suna kai koke, suna jerin gwano, suna kuma amfani da ƙuri'unsu, kafin hukuma ta kai ga wannan matsayi. Labarin yadda suka yi haka abin nazari ne ga duk ɗan kasuwar da ke da jari a gidaje, ko kuma yake da niyyar sanyawa.

Yadda kasuwar ta bunƙasa

Tun bayan da Basalona ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik a 1992, sunanta ya zagaye duniya, baƙi suka riƙa kwarara cikinta, alhali mazaunanta kimanin mutum miliyan 1.7 ne kawai. Da farko otal-otal ne ke ɗaukar baƙin. Daga baya sai aka sami kamfanonin dillanci ta intanet, irin su Airbnb wanda aka kafa a birnin San Faransisko na Amurka a 2008, waɗanda ke haɗa mai gida da baƙo kai tsaye, su kuma su yanki la'adarsu.

A tashin farko an ɗauki abin a matsayin hanyar da magidanci mai rarar ɗaki zai sami ɗan abin cefane. Sai dai ba a jima ba masu jari suka gano cewa gidan da ake bayarwa kwana-kwana ya fi wanda ɗan haya ke zaune a ciki shekara da shekaru kawo riba nesa ba kusa ba. Daɗin daɗawa kuma, baƙo ya kan biya kuɗinsa kafin ya shiga, ba ya neman a ɗaga masa ƙafa, kuma ba a zuwa kotu kafin ya tashi. Saboda haka sai kamfanoni da attajirai suka shiga sayen gidaje da yawa, wani lokaci ma bene sukutum, suna mayar da su masauki. Da gwamnatin yankin Kataloniya ta sassauta ƙa'idojin samun lasisi, sai adadin irin waɗannan gidaje a Basalona ya yi tashin gwauron zabi, ya kai kimanin 9,600 a 2014, ban da dubban da ke aiki a ɓoye. A wannan shekara ce hukumar birnin, ƙarƙashin Magajin Gari Xavier Trias, ta dakatar da bayar da sababbin lasisi.

Inda wutar ta tashi

Barceloneta tsohuwar unguwar masunta da leburorin tashar jiragen ruwa ce da aka gina a bakin teku tun a ƙarni na 18. Lungunanta matsattsu ne, yawancin gidajenta kuwa ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su fi murabba'in mita 30 ba, ta yadda duk abin da maƙwabci ya yi sai an ji. Da baƙi suka cika benayen unguwar, sai barci ya gagari mutanen da ke sammakon zuwa aiki, saboda kiɗe-kiɗe da shaye-shaye har asuba. Tsofaffi suka daina sanin wanda za su gamu da shi a matattakalar benensu, kantunan masarufi suka riƙa komawa wuraren sayar da tsaraba, 'yan haya kuma suka riƙa samun takardar tashi da zarar wa'adin yarjejeniyarsu ya cika.

A watan Agustan 2014 tura ta kai bango, bayan da jaridu suka buga hotunan wasu matasa baƙi suna yawo tsirara a unguwar da rana. Mazauna suka fito kan tituna dare bayan dare, maza da mata, yara da tsofaffi, suna neman a rufe gidajen. Hukuma ta aika da ƙarin 'yan sanda da masu duba gidaje, aka ɗan sami lafawa.

Abin lura shi ne, mutanen ba su tsaya ga jerin gwano kaɗai ba. Dama Basalona na da tsohuwar al'adar ƙungiyoyin unguwanni, waɗanda ke da tarayya guda tun 1972, lokacin mulkin Janar Franco. Waɗannan ƙungiyoyi ne suka ɗauki ragamar al'amarin. A 2015 wasu daga cikinsu suka haɗu suka kafa babban zauren unguwanni kan sha'anin yawon buɗe ido, domin su riƙa magana da murya ɗaya. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga titi zuwa zauren majalisa

A zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayun 2015, batun gidaje da na baƙi ya kasance kan gaba a yaƙin neman zaɓe. Madam Ada Colau, wadda ta yi suna wajen kare mutanen da bankuna ke kora daga gidajensu saboda bashi, ita ce ta yi nasara, ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Magajin Garin Basalona. Cikin makwanni kaɗan da hawanta ta dakatar da bayar da izinin buɗe sababbin masaukai, har da otal-otal, domin a tsaya a yi nazari.

A 2016 hukumar ta ƙaddamar da shirin farautar gidajen da ba su da lasisi. Ta ƙara yawan masu duba gidaje, ta ɗauki ma'aikata na musamman masu bin tallace-tallacen intanet suna gano adireshin gidajen, sa'an nan ta buɗe hanyar da kowane mazauni zai bincika ko gidan da ke maƙwabtaka da shi na da lasisi, in babu ya kai rahoto. Ta haka ne maƙwabta suka zama idanun hukuma. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ci kamfanonin Airbnb da HomeAway tarar Yuro 600,000 kowannensu saboda tallata gidaje marasa lasisi, kuma a 2017 Airbnb ya amince zai riƙa cire irin waɗannan tallace-tallace idan hukuma ta nuna masa su. A farkon 2017 ɗin ne kuma majalisar birnin ta zartar da tsarin da ya kasa birnin shiyya-shiyya, inda a tsakiyar gari aka hana buɗe sabon masauki ko da wani ya rufe. Bisa alƙaluman da hukumar ta bayar a 2024, tun daga 2016 an ba da umurnin rufe haramtattun gidaje kimanin 9,700.

Madam Colau ta sauka daga mulki a 2023, amma manufar ba ta sauka tare da ita ba, domin wanda ya gaje ta, ɗan wata jam'iyya dabam, shi ne ya ƙara tsananta ta. Damar yin haka ta samu ne daga wata doka da gwamnatin Kataloniya ta kafa a watan Nuwamban 2023, wadda ta shafi ƙananan hukumomi 262. Kafin dokar, lasisin da mutum ya samu ba shi da wa'adi, har ya zama wata kadara da ke ƙara wa gida daraja idan an tashi sayarwa. Dokar ta mayar da shi izini na shekaru biyar, wanda ƙaramar hukuma ke da ikon sabuntawa ko ƙin sabuntawa. 'Yan adawa sun ƙalubalanci dokar, amma a watan Maris na 2025 Kotun Tsarin Mulki ta Sifaniya ta tabbatar da ita.

Har ila yau, daga watan Afrilun 2025 dokar ƙasa ta wajabta wa duk mai son mayar da gidansa da ke cikin benen tarayya sabon masaukin baƙi ya sami amincewar kashi uku cikin biyar na masu gidajen benen. Ma'ana, maƙwabci ya sami hurumin cewa a'a tun kafin a kai ga ofishin hukuma.

Abin da masu gidajen ke cewa

Ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje ta Basalona, wato Apartur, ta yi tir da matakin. Ta ce gidajen 'ya'yanta ɗan ƙaramin kaso ne na gidajen birnin, don haka rufe su ba zai magance tsadar haya ba, illa dai ya raba masu shara da wanki da gyare-gyare da ayyukansu, ya bar kasuwar a hannun masu otal-otal, ya kuma ƙarfafa masu yi a ɓoye. Masu dubban gidaje sun shigar da takardun neman diyya mai tarin yawa, suna cewa an raba su da haƙƙin da suka samu ta halal.

Binciken masana ya nuna kowane ɓangare na da tasa gaskiyar. Wani nazari da masana tattalin arziki suka buga a 2020 ya gano cewa harkar Airbnb ta ƙara kuɗin haya da kusan kashi 2 cikin 100 a matsakaiciyar unguwar Basalona, amma a unguwannin da gidajen suka fi yawa ƙarin ya kai kashi 7 cikin 100. Wato ke nan harkar na da hannu a tsadar, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Ƙarancin sababbin gine-gine ma na taka rawa. Birnin Niyok na Amurka, wanda tun watan Satumban 2023 ya hana bayar da hayar gida ta ƙasa da kwana 30 sai in mai gidan na ciki kuma baƙin ba su wuce biyu ba, ya ga dubban tallace-tallace sun ɓace, amma kuɗin haya bai sauko ba, kuɗin otal kuwa ya hau. Wasu biranen sun zaɓi bin matsakaiciyar hanya, inda Landan ta ƙayyade kwana 90 a shekara, Amstadam kuwa ta saukar da nata zuwa kwana 30 a 2019.

Darasi ga masu zuba jari

Wannan harka ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A unguwannin Lekki da Ikoyi da Victoria Island na Legas, da wasu sassan Abuja, masu gidaje da dama sun koma bayar da haya ta kwana-kwana, musamman a watan Disamba lokacin da 'yan ƙasa mazauna ƙetare ke dawowa hutu. Tun a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar otal-otal da masaukai hurumin gwamnatocin jihohi ne, saboda haka kowace jiha na da ikon shimfiɗa nata ƙa'idojin a duk lokacin da ta ga dama. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, izinin hukuma ba ƙasa ba ce ballantana a ce ba ta motsi. Wanda ya sayi gida da tsada a Basalona saboda lasisin da ke kansa, ko ya ci bashin banki na shekaru ashirin bisa lissafin kuɗin baƙi, yanzu ya san ranar da wannan lissafi zai ƙare. Ya dace tun farko a auna ko gidan zai iya biyan kansa da hayar shekara-shekara idan doka ta canza.

Na biyu, maƙwabta su ne masu kaɗa ƙuri'a, baƙo kuwa kwana uku zai yi ya ɗauki jakarsa. Duk ranar da buƙatun ɓangarorin biyu suka ci karo, ɗan siyasa ya san inda zai karkata. Mai gidan da ya ajiye wakili da za a iya kira ko da tsakar dare, ya ƙayyade yawan baƙi, ya tantance su, ya biya harajinsa, ya kuma riƙa halartar taron unguwa, ya rage wa kansa abokan gaba tun kafin su haɗa kai.

Su kuwa mazauna unguwanni, abin da ya ba mutanen Basalona galaba shi ne dauriya da tsari: ƙungiya mai ɗorewa, koke a rubuce tare da adireshi da hujja, da kuma sanin ofishin da ke da ikon yin abin da suke nema. Yanzu hankalin masu gidaje da na hukumomin sauran biranen Turai ya karkata ga watan Nuwamban 2028, domin ganin gidaje nawa ne daga cikin 10,101 ɗin nan za su koma hannun iyalai, kuma a kan nawa.