Daga Kullen San Damiano Zuwa Cefanen Yamai

Kafin gobarar 2012 ta cinye kasuwar Petit Marché ta Yamai, ba abin mamaki ba ne a ga maser ta Katolika da ɗan mayafinta da kwando a hannu, tana tayin tumatir da albasa kamar kowace uwargida. Mishan ɗinsu ya kafu a Yamai tun 1931 ta hannun Fada Faroud, don haka ido ya saba da su. Sai dai shekaru 800 da suka wuce, macen da ta ba da kanta ga Allah a addinin nan ba kasafai take taka kasuwa ba.

A Asisi ta ƙasar Italiya, a 1212, wata 'yar masu hali mai suna Kilara ta fice daga gidansu cikin dare tana 'yar shekara 18. Waliyyi Faransis ya yanke mata gashi, ta tuɓe kayan ado ta sa tufafi mai kaushi. Ta shiga gidan San Damiano, inda ta zauna har rasuwarta a 1253. Kulle ne da ya fi na matan aure a ƙasar Hausa tsanani, domin babu zuwa suna, babu biki, babu ganin gida.

Alkawari uku kowace mace da ta shiga gidan ke ɗauka: talauci, rashin aure, da biyayya. Ƙararrawa ke raba musu yini, su taru addu'a sau bakwai da rana, su kuma tashi cikin dare. Ba sa cin nama, ba sa sa takalmi. Daga addu'ar kwanciya har hantsi bakinsu a rufe yake. In baƙo ya zo, ko da mahaifi ne, ta bayan tagar ƙarfe mai labule ake gaisawa, kuma sai da 'yan'uwa a tsaye suna ji. Tsakanin addu'o'i suna kaɗi da ɗinki, a aika wa majami'un karkara ƙyallen bagadi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan'uwa masu hidima, waɗanda aka yarje wa fita neman abinci, aka kuma ba su izinin takalmi saboda hanya. Idan sun dawo da ƙura, Kilara da kanta, shugabar gida, take durƙusawa ta wanke musu ƙafa.

A 1298 Fafaroma Bonifas na Takwas ya wajabta kulle a kan dukkan matan da suka ɗauki irin wannan alkawari. An ɗauki ƙarnuka kafin ƙungiyoyin mata masu koyarwa da jinya su sami damar fita, kuma irinsu ne suka iso Nijar. A 2006 Uwa Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta kafa ƙungiyar Bayin Almasihu a Maraɗi. Alkawuran nan uku suna nan, addu'ar asuba da ta yamma ma haka, amma yininsu a ƙauyuka yake ƙarewa, wajen auna yara masu tamowa da zama da hakimai da limamai kan aurar da ƙananan 'yan mata.