Dashen haƙori da haɗarinsa

Ta yiwu kana da giɓi a baki. Haƙori ya ruɓe an cire, ko ka faɗi bisa babur ya karye. Ta yiwu kuma ka ji ana cewa yanzu likita yana iya dasa ma mutum sabon haƙori, wanda ba a cire shi da dare. Gaskiya ne, ana yi. Amma aiki ne na fiɗa, kuma yana da haɗarinsa. Gara ka san shi tun ba ka fidda kuɗinka ba.

Kada ka haɗa shi da haƙorin Makka. Shi wancan, hula ce ta ƙarfe ake sa ma haƙorin da ke nan. Haƙorin roba kuwa, a bisa dasashi yake zaune, kana cire shi ka wanke. Dashe daban ne. Likita yana yi maka allurar kashe zafi, ya tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi da ɗan inji. Sa'an nan ya murɗa wata ƙusa cikin ramin. Tsawonta kamar santimita 1 ne. Ita ce za ta zama saiwa. Daga baya sai a ɗaura haƙorin a kanta.

Ƙusar nan ba ta kowane ƙarfe ba ce. Sunan ƙarfen titaniyom. Wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Brånemark ne ya gano amfaninsa a shekarar 1952. Ya sa ɗan guntun ƙarfen cikin ƙashin ƙafar zomo don wani bincike. Da ya zo cirewa, sai ya tarar ƙashi ya kama shi gam. A 1965 ya dasa ma mutum na farko, kuma mutumin ya yi shekara 40 yana tauna da haƙoran har ya rasu. Yau ma, in an yi aikin da kyau, fiye da 9 cikin 10 na ƙusoshin suna nan daram bayan shekara 10. To, amma akwai sauran, waɗanda ba su kama ba. Zancensu za mu yi.

Bayan aikin, kumburi da ciwo da ɗan jini na kwana biyu ko ukku ba abin tsoro ba ne. Abin da za ka sa ma ido shi ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon ya ragu. In ka ga mugunya, ko jikinka ya yi zafi, ko bakinka yana wari, to ƙwayoyin cuta sun shiga wurin. Koma wurin likita ran nan. Kada ka sayi ƙwayoyi a tebur ko hannun masu yawo da magani ka ce za ka kashe ciwon da kanka. Za su kwantar da zafin, cutar kuwa tana can tana cin ƙashi. In kuma ƙarƙashin harshenka ya kumbura har numfashi ya yi wuya, wannan ba a kwana da shi. Ba safai yake faruwa ba, amma yana iya kisa.

Cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ta ratsa ƙashi. Ita ce ke sa ka ji leɓenka na ƙasa da haɓarka. In ƙusa ta yi tsawo, ko an huda wurin da bai dace ba, sai ta taɓa jijiyar. Allurar kashe zafi tana sakin mutum cikin ƴan awoyi. Saboda haka in gari ya waye leɓenka yana nan a mace, ko kana jin kamar tururuwa na yawo a ciki, kada ka ce bari in gani. Gaya ma likita nan da nan. In an janye ƙusar da wuri, jijiyar ta fi samun damar warkewa. In an daɗe, wani har ya mutu ba zai ƙara jin leɓensa ba. Yana shan shayi yana zuba bai sani ba.

A sama kuma, bisa matauna, akwai wani kogo cikin ƙashin kunci wanda ya haɗu da hanci. Ƙusa tana iya huda shi, ta kawo ciwon kai da majina mai wari. Don waɗannan abubuwa biyu ne likitan kirki ba ya huda ƙashi sai ya ɗauki hotonsa, wanda ake ce ma radiyo, ya ga kaurinsa da inda jijiya take. Wanda ya leƙa bakinka kawai ya ce zauna mu fara, tashi ka ba shi wuri.

Sai maganar kamawa. Ƙashi yana bukatar kamar wata 3 zuwa 6 kafin ya riƙe ƙusar. Wani lokaci ba ya riƙewa, sai ƙusar ta yi ta girgiɗi, dole a cire ta. Babban abokin gabanta shi ne sigari. Hayaƙin yana rage jinin da ke zuwa dasashi, miki kuwa ba ya warkewa in ba jini. Masu cin taba da kanwa ma su yi hankali, don tana cin dasashi. Haka nan ciwon sukari in ba a kula da shi ba. Mai sukari yana iya yin dashe, amma sai an auna an ga sukarin ya kwanta. Kada ka ɓoye ma likita ciwonka don kana ɗokin haƙori. Faɗa masa duk maganin da kake sha, balle na tsinka jini, da wanda ake ba tsofaffi don ƙarfafa ƙashi. Kuma kada ka daina shan su da kanka, bari shi ya ce. Yaro ba a yi masa dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye.

Akwai wata cuta da ta fi waɗannan duka wayo, don ita sai bayan shekaru take zuwa. Mutum ya ce, ai ƙarfe ba ya ruɓa, mi zai sa in wahala da wankin baki? Gaskiya ne ƙarfen ba ya ruɓa. Amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi nama ne da jini. Dauɗar abinci tana taruwa a gindin haƙorin, dasashi ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa. Sannu sannu ƙashi ya zaizaye, kamar yadda ruwa ke cin gindin katanga. Sau da yawa ba ciwo. Ran da ka ji haƙorin yana motsi, aikin gama ya gama. Wanda dama ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙora, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari. Sai an yi maganin dasashin tukuna. Bayan dashe kuma, wankin baki safe da dare, da buroshi ko asuwaki mai taushi, da zuwa wurin likita ya duba ko da sau ɗaya a shekara.

Haƙorin da Allah ya ba ka yana da ji. In ka tauna tsakuwa cikin tuwo, nan take za ka saki. Na dashe ba ya ji sosai. Kana iya danna shi har ya tsage ba ka sani ba. Buɗe kwalba da haƙori da fasa ƙashin nama, sai ka yi ban kwana da su.

Kayan aiki ma abin dubawa ne. Duk abin da zai shiga ƙashinka, dole a dafa shi cikin injin kashe ƙwayoyin cuta. In ba haka ba, ana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga jinin wani. Wannan aikin likitan haƙori ne da ya yi karatunsa. Ba na mai cire haƙori a kasuwa ba ne.

Waɗansu suna zuwa ƙasashen waje, kamar Turkiyya, su yi dashe su dawo. Kafin ka tafi, tambayi kanka: in abin ya lalace bayan wata shidda, wa zai duba ni? Daga Tawa ko Damagaram zuwa Yamai ma tafiya ce, balle ƙetaren teku. Ga shi kuma kamfanoni da yawa ke ƙera ƙusoshin nan, kuma kayan murɗa ta wani ba lalle su shiga ta wani ba. Don haka ko ina aka yi maka, roƙi likita ya rubuta maka sunan ƙusar da girmanta da ranar da aka sa ta. Ka iya karatu yanzu. Karanta takardar a gabansa, abin da ba ka gane ba ka tambaya, sa'an nan ka adana ta tare da takardar haihuwarka.

In ƙashinka ya yi siriri, ko kuɗin sun fi ƙarfinka, ko ba ka iya barin sigari ba, ka tambayi likita wata hanya. Ana iya yi maka haƙorin roba na cirewa, ko a jingina sabon haƙori ga na gefensa biyu. Ba a huda ƙashi wajen yin su, kuma na roba ya fi dashe araha nesa ba kusa ba.