Aron Ilmi Daga Waje a Ma'aikatun Gwamnati: Darasi Daga Rahoton Udoji

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda ma'aikatun gwamnati kan ari ilmi daga waje don kyautata aikinsu, da dalilin da ya sa aron kan kasa biyan bukata. Hanyoyin aron uku ne, watau ɗauko ƙwararru masu ba da shawara, da tura ma'aikata kwas, da kafa kwamitin bincike. Za mu ɗauki misali daga ta ukun.

A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don ya binciki aikin gwamnati, ya kuwa miƙa rahotonsa a 1974. Daga cikin shawarwarinsa akwai dabaru biyu da aka aro daga Amurka. Ta farko ita ce tafiyar da aiki bisa ƙayyadaddun manufofi, wadda Peter Drucker ya bayyana a 1954, inda shugaba da na ƙasa da shi za su amince a kan abin da za a cim ma, sa'an nan a auna kowa da shi. Ta biyu ita ce tsara kasafin kuɗi bisa shirye-shiryen aiki, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta soma a 1961.

To, amma abin da aka gaggauta zartarwa shi ne ƙarin albashi, har da ariyas tun daga Afrilun 1974, dabarun kuwa ba su kama ƙasa ba. A ganinmu, dalili shi ne kowaccensu tana bukatar alƙaluma ingantattu, da shugabannin da za su sakar wa na ƙasa iko, da ma'aikacin da hankalinsa ke kwance. Sallamar ma'aikata kimanin 10,000 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi a 1975 ta kawar da wannan kwanciyar hankali. Wanda ke tsoron kora ba zai sa hannu a kan manufar da za a kama shi da ita gobe ba.

Saboda haka, kafin ma'aikata ta ari wata dabara, wajibi ne ta binciki sharuɗɗan da suka sa dabarar ta yi aiki a inda ta fito, ta tanadi jami'an da za su daidaita ta da yanayin gida, ta kuma jarraba ta a sashe guda tukuna. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, sai fa in an sake ɗinka shi daidai jikin mai sawa.