Yadda Kwamfuta Ke Zaɓen Iri Kamar Manomin Shinkafa

'Yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Agege da sauran zangunan Kurmi, da yawanku kuna aika kuɗin makaranta zuwa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. To, ga wani fanni na ilmin kwamfuta da ya kamata uban ɗalibi ya san inda ya dosa, watau kiwon manhaja.

A Badeggi, kusa da Bida, ma'aikatan cibiyar binciken hatsi sukan haɗa auren shinkafa iri biyu, su zaɓi 'ya'yan da suka fi albarka. Irin wannan dabara John Koza na Amurka ya bayyana a littafinsa na 1992. Kwamfuta takan ƙago ɗaruruwan ƙananan manhajoji barkatai, ta gwada kowace a kan aikin da ake so, ta ware nagari, sa'an nan ta fid da sabon zubi daga cikinsu.

Hanyar samun sabon zubin biyu ce. Ta farko gauraye: a yanko reshen wannan a dasa a jikin waccan. Ta biyu sauyin ba-zata: a taɓa gurbi guda a musanya shi da ka. Koza ya ba gauraye kashi 90 cikin 100. Amma a 1997 Sean Luke da Lee Spector suka gwada hanyoyin biyu, suka ga ratar ba ta da yawa. Gauraye yakan fi dacewa in manhajojin suna da yawa, sauyin ba-zata kuwa in kaɗan ne.

Kowace hanya da aibinta. In an dogara ga gauraye kaɗai, a kwana a tashi zubin duk ya zama kama ɗaya, kamar garken da ba a shigo masa da baƙon bijimi, ci gaba ya tsaya, manhajar kuma ta yi ta kumbura a banza. In sauyi ya yi yawa, sai ya rushe abin kirkin da aka tara, aiki ya koma lalube cikin duhu. Gwaninta ita ce auna kowane daidai da aikin da aka sa a gaba.

Kada a ɗauka wasa ne. A 2006 hukumar NASA ta harba ƙananan taurarin ɗan'adam uku ɗauke da eriyar da aka zana ta irin wannan hanya. In yaro ya zo hutu, a zauna da shi a ji abin da ake koya masa. Allah ya ba su sa'a, amin.