Goro a Cikin Kwalba: Asalin Coca-Cola da Sirrin Haɗinta

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu ɗauko wata kwalba da kowa ya sani, wadda ba a rasa ta a gidan biki ko a shagon bakin titi, mu tambaye ta asalinta. Lemon kwalba ne da ake kira Coca-Cola. Ku saurari rabin sunan na ƙarshe da kyau: kola. Goro ke nan, wannan dai goron da ake rabawa a wurin ɗaurin aure da raɗin suna. To yaya aka yi ya shiga sunan lemon Amurka, kuma mene ne sirrin da kamfanin ya shafe sama da shekara ɗari yana ɓoyo? Ku biyo mu.

(Kiɗa)

Labarin ya faro ne daga ciwo. John Pemberton mai haɗa magunguna ne a jihar Jojiya ta ƙasar Amurka. A shekarar 1865, gab da ƙarshen yaƙin basasar ƙasar, aka sare shi da takobi a fagen daga. Maganin kashe zafin da ya riƙa sha, wato mofin, ya kama shi ya ƙi sakinsa. Neman abin da zai raba shi da wannan jaraba ne ya kai shi ga haɗa wani tsimi na giyar inabi da ganyen koka da goro, yana koyi da wani abin sha da ya yi tashe a Faransa a lokacin.

Ana cikin haka sai birnin Atlanta ya hana sayar da giya. Pemberton ya cire giyar, ya dafa sauran da sukari ya zama ruwan zaƙi mai kauri. Ranar 8 ga watan Mayun 1886 aka fara gauraya shi da ruwa mai gas ana sayarwa a kantin magani na Jacobs, kofi ɗaya santi biyar, a matsayin maganin ciwon kai da gajiya. A shekarar farko, abin da ake sayarwa a rana a matsakaici kofi tara ne kacal. Akantan Pemberton, Frank Robinson, shi ya raɗa sunan, kuma rubutun hannunsa ne mai lanƙwasa ɗin nan da har gobe ke jikin kwalbar.

Sunan kuwa tsirrai biyu ne aka haɗa. Koka ganye ne na ƙasashen Peru da Bolibiya, wanda daga jikinsa ake fitar da hodar iblis. Lemon farko yana ɗauke da ɗan wannan sinadari, domin a wancan zamani doka ba ta hana shi ba. Wajejen 1903 aka daina sa shi. Har yanzu akwai wata masana'anta a jihar New Jersey da gwamnatin Amurka ta ba izinin shigo da ganyen, ta tsame mai bugarwar, ta bar ƙamshin kawai.

Shi kuwa goro, ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma ne. Tun kafin a san da Pemberton, fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna, madugu na gaba, su yi watanni a hanya har kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da huhunan goro, suna yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Abin da ya sa Bahaushe yake cin goro ya kori barci, shi ne ya ja hankalin masu haɗa magani a Turai da Amurka: sinadarin kafin da ke cikinsa.

(Kiɗa)

Pemberton bai ci gajiyar abin da ya ƙirƙira ba. Ya rasu a 1888 cikin talauci, bayan ya sayar da hannun jarinsa kaɗan-kaɗan. Wani ɗan kasuwa mai suna Asa Candler ya mallake komai a kan kimanin dala 2,300, ya kafa kamfani a 1892. Daga nan aka fara riƙon sirrin da gaske.

Me ya sa Candler bai yi wa haɗin rajistar mallakar fasaha ba? Saboda duk wanda ya yi wannan rajista dole ya bayyana wa hukuma yadda yake haɗa abinsa, kuma bayan wasu shekaru kariyar ta ƙare, kowa ya kwaikwaya. Shiru kuwa ba shi da wa'adi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A 1919 wasu attajirai ƙarƙashin jagorancin Ernest Woodruff suka saye kamfanin a kan dala miliyan 25. Da suka nemi rance, takardar haɗin ce aka ajiye jingina a wani banki a birnin New York. A 1925 aka dawo da ita banki a Atlanta, ta zauna shekara 86, kafin a mayar da ita wani ɗakin ƙarfe a gidan tarihin kamfanin a 2011. Baƙi na biyan kuɗi su ga ƙofar, amma ba a buɗe musu.

Yawancin abin da ke cikin lemon a rubuce yake a jikin kwalba: ruwa mai gas, sukari, ƙonannen sukari mai ba shi launi, sinadarin tsami, da kafin. Abin da aka ɓoye ɗan ƙanƙani ne, haɗin ƙamshi da ake wa laƙabi da 7X. A 2011 wani shirin rediyo a Amurka ya karanto wani tsohon haɗi daga littafin wani mai magani, mai ɗauke da man lemon zaƙi, man lemon tsami, man furen lemo da kirfa. Kamfanin ya ce ba shi ba ne. Masana'antun da ke ɗura lemon a kwalba kuwa, har da ta Najeriya da ta fara aiki a Legas a 1953, haɗaɗɗen ruwan ake aiko musu.

An sha gwada ƙarfin wannan shiru. A 1977 kamfanin ya tattara ya bar Indiya da gwamnati ta matsa masa ya rage hannun jarinsa ya kuma bayyana haɗin. Bai koma ba sai 1993. A 2006 wata ma'aikaciya ta yi yunƙurin sayar wa Pepsi wasu takardun sirri, sai Pepsi da kanta ta tona asirin.

Gwaji mafi girma kuwa daga cikin gida ya fito. A watan Afrilun 1985 kamfanin ya sauya ɗanɗanon, ya fito da sabo mai ƙarin zaƙi. Mutane suka yi ca da wasiƙu da kiran waya, wasu suka riƙa tara tsohon a gidajensu. Cikin kwana 79 aka dawo da na asali. A nan ne masu kamfanin suka gane cewa takarda ce a hannunsu, amma ɗanɗanon ya riga ya zama na jama'a.

(Kiɗa a hankali)

Masu sauraro, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne goron. Mu muka san fari da ja, muka san daushe, muka iya adana shi wata da watanni. Wani ya ɗauki ɗan kaɗan daga cikinsa, ya ba shi suna, ya tsare ingancinsa, ya riƙe bakinsa, har ya kai shi ƙasashe da yankuna sama da 200. A gidajenmu akwai iyaye mata da kowacce ke da nata haɗin zoɓo da kunun aya, da mahauta masu yajin kilishi da suka gada kaka da kakanni. Wannan ilimi dukiya ce. Ya cancanci a rubuta shi, a adana shi, a ba shi suna kafin masu shi su tafi da shi.

A nan za mu dasa aya. 

(Kiɗan rufe shiri)